Matsalolin sauti a ɗaukar bidiyo

Matsalolin sauti a ɗaukar bidiyo su ne kurakuran da ke ɓata murya yayin da ake naɗar ta tare da hoto. Sun haɗa da rashin shigar sauti gaba ɗaya, gurnani, huci, fashewar murya, amsa-kuwwa, da kuma rashin dacewar motsin baki da magana. Da yawa daga cikinsu suna tasowa ne a mahaɗar na'ura da na'ura, wato bakin kebul, irin wutar da makirufo ke buƙata, da ƙarfin siginar da wata na'ura ke miƙa wa wata. Muhimmancin batun ya fi fitowa a abubuwan da ba a maimaita su, kamar ɗaurin aure, lacca, wa'azi ko hira da dattijo, domin muryar da ta lalace a wurin ɗauka da wuya ta dawo yadda take.

Tarihi

Fim mai magana ya fara yaɗuwa bayan fitowar The Jazz Singer a Amurka a shekarar 1927. Sautin wannan fim a kan faifai dabam yake, sai a kunna shi tare da hoton a gidan sinima. A shekarar 1951 Stefan Kudelski, injiniya ɗan asalin Poland mazaunin Suwizalan, ya ƙera rikodar Nagra wadda mutum ɗaya ke iya ɗauka, kuma ire-irenta sun daɗe suna aiki a harkar fim. Daga baya kyamarorin bidiyo suka haɗa hoto da sauti a kaset ɗaya. Da irin waɗannan kyamarori masana'antar finafinan Hausa ta faro a Kano, inda fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990. A yau ana amfani da hanyoyin biyu: ko a shigar da sauti cikin kyamara kai tsaye, ko a naɗe shi a rikoda dabam a haɗa su wajen tacewa.

Hanyar da sauti ke bi

Murya na fita daga bakin mai magana ta shiga makirufo, wanda ke mayar da ita ƙaramar siginar lantarki. Siginar na bin kebul ko na'urar aikawa marar waya, ta isa sashen da ke ƙara mata ƙarfi a cikin mikisa, rikoda ko kyamara. Daga nan a mayar da ita lambobi a ajiye a katin memori. Kowace gaɓa a wannan jeri tana iya zama tushen matsala, shi ya sa masu aikin ke bin su ɗaya bayan ɗaya.

Kebul da bakunansa

Bakin kebul da ƙwararru suka fi amfani da shi shi ne XLR, wanda ya samo asali daga kamfanin Cannon Electric na Amurka. Yana da ƙafa uku: ta 1 ita ce ta ƙasa, ta 2 da ta 3 kuma suna ɗauke da sigina iri ɗaya amma ɗaya a juye. Duk hayaniyar da kebul ya kwaso a hanya tana shiga wayoyin biyu daidai wa daida, sai na'urar da ke karɓa ta cire ɗaya daga ɗaya, hayaniyar ta kashe kanta, muryar ta saura. Wannan ne ya sa ake iya jan kebul na XLR gomman mitoci ba tare da sauti ya gurɓata ba.

Ƙananan kyamarori da wayoyin hannu suna amfani da siririn baki mai kaurin milimita 3.5, wanda galibi ba shi da wannan kariya, don haka ba a so kebul ɗinsa ya yi tsawo. Shi ma iri biyu ne. Mai baƙin zobe biyu, wato TRS, shi ne na kyamara. Mai zobe uku, wato TRRS, shi ne na wayar hannu da kwamfutar cinya. Idan aka soka makirufon TRS a waya, wayar ba za ta gan shi ba, sai ta ci gaba da naɗa da makirufonta na ciki, mai ɗauka bai sani ba. Maganin wannan shi ne adafta mai juya TRS zuwa TRRS. Wayoyin da ba su da ramin hedifon, kamar iPhone 7 na 2016 da waɗanda suka biyo bayansa, suna buƙatar ƙarin adafta ta ramin caji.

Wutar makirufo

Makirufo nau'in dainamik, kamar Shure SM58 da ake gani a hannun mawaƙa da masu sanarwa, ba ya buƙatar wuta. Nau'in kondensa kuwa, wanda ya haɗa da dogon makirufon da ake ɗaurawa a sanda da ƙaramin da ake maƙalawa a riga, ba ya aiki sai da ita. Manyan makirufon kondensa suna karɓar bolt 48 ta cikin kebul na XLR. Ana kiran ta wutar fantom, daga kalmar Turanci mai nufin fatalwa, saboda tana bin wayoyin da sauti ke bi ba tare da an ja mata waya ta musamman ba. Kamfanin Neumann na Jamus ne ya fito da tsarin bolt 48 a shekarar 1966. Ƙananan makirufo masu siririn baki kuma 'yar wuta kaɗan suke karɓa, kusan bolt 2 zuwa 5, ko su yi amfani da batir. Idan makirufo ya yi shiru, ana fara duba ko an kunna wutar da ta dace da shi. Ana kuma kashe wutar fantom kafin a soka ko a zare kebul.

Ƙarfin sigina

Siginar makirufo 'yar ƙarama ce, ba ta wuce 'yan milibolt. Wadda ke fitowa daga mikisa kuwa tana kai kusan bolt 1.23 a kayan ƙwararru, ko bolt 0.316 a kayan gida. Misali, idan mai ɗaukar biki ya jawo sauti daga mikisar masu lasifika ya soka a ramin da aka saita a MIC, murya za ta fashe ko da ya rage ƙarfi. Idan aka soka makirufo a ramin da ke kan LINE kuma, da ƙyar za a ji wani abu. Gyaran shi ne a juya makunnin zuwa wanda ya dace, ko a sa na'urar rage sigina a tsakani.

A naɗin dijital, 0 dBFS ita ce iyaka, kuma duk abin da ya haura ta yankewa yake yi. Saboda haka ake saita ƙarfi yadda mafi ƙarar magana za ta tsaya tsakanin -12 da -6. Tsarin da kyamara ke daidaita ƙarfi da kanta yakan ɗaga hayaniyar wuri duk lokacin da mai magana ya yi shiru, shi ya sa ake kashe shi a saita da hannu.

Gurnani, huci da katsalandan

Gurnani mai kauri da ba ya yankewa yawanci daga wutar lantarki yake. A Najeriya, Nijar da Ghana wutar na juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka da Kanada kuma sau 60, kuma a wannan amo ake jin gurnanin. Yakan faru idan kyamara da mikisa suna jone a soket dabam-dabam alhali kebul na sauti ya haɗa su. Ana gane shi idan aka zare caja aka bar kyamara a kan batir, gurnanin ya ɗauke. Ana magance shi ta hanyar jona kayan a soket ɗaya ko sa ƙaramar taransifoma mai raba layi. Ba a karya ƙafar ƙasa ta fulogi don kawar da gurnani, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta. Haka nan ba a shimfiɗa kebul na sauti kafaɗa da kafaɗa da na wuta. Idan dole su haɗu, sai ɗaya ya gitta ɗaya.

Huci yana zuwa ne idan sigina ta shigo da rauni aka ɗaga ta da yawa. Ƙaras-ƙaras alama ce ta wayar da ta tsinke a ciki ko rami mai ƙura. Wayar hannu a tsarin GSM tana aika sigina kusan sau 217 a daƙiƙa, kuma wannan ne kukan da ke shiga lasifika kafin kira ya shigo. Makirufo marar waya da ke aiki a zangon 2.4 GHz yana raba zangon da Wi-Fi da Bluetooth, don haka yana iya yankewa a taro mai cunkoso ko idan batir ya yi sanyi.

Wuri da nisa

A fili, duk lokacin da nisa tsakanin baki da makirufo ya ninka, ƙarfin murya na raguwa da kusan desibel 6, alhali ƙarar fanka, firji ko janareta na nan yadda take. Matso da makirufo kusa da mai magana ya fi canja shi da mai tsada amfani. Ɗaki mai tayil da bangon siminti yana haddasa amsa-kuwwa, wadda labule, darduma da katifa ke ragewa. A waje, musamman lokacin iskar hunturu, ana rufe makirufo da riga mai gashi, a kuma kunna matacin da ke yanke amon da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz.

Dacewar baki da magana

Ana naɗar sautin bidiyo a kan 48 kHz, na faifan CD kuma 44.1 kHz. Idan manhaja ta karanta fayil na 44.1 a matsayin na 48, sautin zai yi gudu da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance. Wayoyin hannu da dama suna canja yawan hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa, abin da ke sa baki da magana su riƙa rabuwa a dogon bidiyo. Nisa ma na kawo jinkiri: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka a bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa, nisan mita 14 daidai yake da jinkirin hoto ɗaya. Ana buga allon ɗauka ko a tafa hannu a gaban kyamara domin mai tacewa ya sami wurin daidaita su.

Yadda ake gano matsala

1. A sa hedifon a na'urar ƙarshe da ke naɗa, domin motsin ma'auni kaɗai ba ya nuna ingancin sauti.
2. A ƙwanƙwasa makirufo a hankali don tabbatar da cewa shi ake naɗa, ba na cikin kyamara ba.
3. A duba batir, wutar fantom da makunnin MIC da LINE.
4. A jona makirufo kai tsaye da gajeren kebul mai lafiya, sannan a riƙa mayar da sauran kayan ɗaya bayan ɗaya har matsalar ta dawo.
5. A canja abu ɗaya kawai a kowane gwaji.
6. A naɗi gwaji a saurara kafin a fara, kuma a ajiye rikoda ta biyu idan abin ba mai maimaituwa ba ne.

Gyara bayan ɗauka

Manhajoji irin su Audacity, DaVinci Resolve da iZotope RX suna iya rage huci, su kuma cire gurnanin 50 Hz da ninkinsa na 100 da 150. Idan aka matsa musu da yawa, murya kan koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. Rikodoji masu tsarin 32-bit, kamar Zoom F6 ta 2019, sun rage haɗarin fashewa a cikin rikodar, amma ba sa gyara muryar da ta riga ta fashe a makirufo ko a na'urar aikawa. A fim ana iya kiran ɗan wasa situdiyo ya maimaita maganarsa yana kallon hoton. A hira, lacca da biki babu wannan dama, sai dai a dogara da rikoda ta biyu idan an tanade ta.