Leal: Kalmar Amana da Ta Bar Kotu Ta Koma Waƙa

A Sikotlan, ƙasar da ke arewacin tsibirin Birtaniya, ba Ingilishi kaɗai ake yi ba. Akwai Gaelik, harshen mutanen tsaunuka da tsibirai, akwai kuma Scots, harshen kudanci da gabashin ƙasar, wanda ya haɗa kaka da Ingilishi amma ya kama tasa hanyar. Da shi sarakunan Sikotlan suka yi mulki, da shi majalisarsu ta rubuta dokoki shekaru ɗaruruwa. A cikin wannan harshe akwai kalmar “leal”, wadda ake furtawa kamar “liil”. Wanda ya san ta a yau zai ce maka tsohuwar kalma ce ta waƙoƙi, mai nufin mutum mai amana, mai tsarkin zuciya, wanda ba ya juya wa nasa baya. Wannan gaskiya ne, amma guntuwa ce. A ganina tarihin kalmar ya nuna cewa amanar da mutanen dā na Sikotlan suke nufi ba taushin zuciya ba ne, ba kuma makauniyar biyayya ba. Haƙƙi ne da ake rubutawa, a kafa shaidu, a tuhumi wanda ya ci shi, babba ne ko ƙarami.

Asalin kalmar daga Latin yake, daga “legalis”, wato abin da ya dace da doka. Ta shiga tsohon Faransanci, bakin mutane ya goge ta, sannan Normawa suka ƙetaro da ita bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Sikotlan ba su ci ta ba, amma Sarki David na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153, ya jawo manyan gidajensu ya ba su filaye, ciki har da gidan Brus da daga baya ya haifi sarki. Da su kalmar ta shigo. Ingilishi ya sake aro wannan tsatso sau biyu daga baya, ya sami “loyal” mai nufin biyayya da “legal” mai nufin halaccin doka. Su ukun kamar ’yan’uwa ne da aka raba musu gado, ɗaya ya ɗauki zuciya, ɗaya ya ɗauki kotu, ita kuwa “leal” ta rayu tun kafin rabon, lokacin da gidan yake haɗe.

Mai hankali zai iya cewa asalin kalma ba hujja ba ne, domin kalmomi suna mance kakanninsu, kuma mai magana ba ya tambayar Latin kafin ya buɗe baki. Haka ne. Shi ya sa hujjar ba a asali take ba, tana cikin yadda aka yi aiki da kalmar, kuma nan Sikotlan ta yi sa’a. Tana da babban ƙamus na tsohon Scots mai juzu’i 12, wanda William Craigie ya fara fitarwa a 1931 aka kammala a 2002, da wani mai juzu’i 10 na Scots ɗin bayan 1700, wanda aka gama a 1976. Dukansu da misalai daga takardun zamanin suke tafiya. Abin da misalan suka nuna shi ne ba mutum kaɗai ake kira “leal” ba. Ma’aunin da bai da tauye shi ma haka ake kiransa, haka auren da aka ɗaura bisa ƙa’ida, haka dukiyar da aka samu ta halal, haka shaidar da aka bayar a gaban alƙali ba ƙari ba ragi. Har dukan da ya sauka daidai inda aka nufa, ko harbin da bai kuskure ba, an kira su da wannan suna. Ma’auni ba shi da zuciya, ba ya ƙaunar kowa. Abin da ya haɗa shi da baran da bai ci amanar ubangidansa ba shi ne kowannensu ya cika abin da ake bin sa. Suna da wata karin magana ma ta ba’a, wadda ma’anarta ita ce a je a tambayi ɓarawo ko ni mai amana ne, ana yi wa wanda ya kawo abokin ta’asarsa ya yi masa shaida. A nan kishiyar “leal” ɓarawo ce.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne takardun mubaya’a da suka yawaita daga tsakiyar ƙarni na 15 zuwa farkon na 17, waɗanda ake kira “manrent”. Masaniyar tarihi Jenny Wormald ta tattara ɗaruruwansu a littafinta na 1985. Ga yadda abin yake. Wani ƙaramin mai ƙasa zai zo gaban babban basarake, a kira shaidu, a rubuta cewa daga yau ya zama mutuminsa, zai yi masa hidima “leal” kuma ta gaskiya, zai hau doki ya bi shi in ya kira, zai ba shi shawarar da ya fi ganin ta dace, zai rufa asirinsa, in ya ji ana ƙulla masa sharri zai sanar da shi. Sau da yawa sai ya dafa Linjila ya rantse, a manna hatimi a ƙasan takardar. Amma ba nan ake tashi ba. Shi ma basaraken yakan ba da tasa takardar, cewa zai kare wannan mutum, ya tsaya masa a rigingimunsa na gaskiya. Kuma kusan kullum akan sa togaciya: biyayyar da ake bin kowa ga sarkin ƙasa tana gaba da wannan. Dubi sharaɗin ba da shawara da kyau. Wanda ya ga ubangidansa zai faɗa rami ya yi shiru don kada ya ɓata masa rai, bisa wannan takarda bai cika alkawari ba.

Wannan tunani ya girmi takardun. John Barbour, babban limamin coci a Aberdeen, ya rubuta doguwar waƙarsa a kan Sarki Robert Brus wajen 1375, kuma halin da ya fi yabawa a jikin James Douglas, na hannun daman sarkin, shi ne wannan amana, wadda ya ɗora sama da sauran halaye. Amma mutanen zamanin Brus ɗin ne suka aika wa Fafaroma John na 22 wasiƙar Arbroath a 1320, suna cewa suna bayan sarkinsu saboda ya cece su, amma da zai miƙa su ga Ingila da sun kore shi sun naɗa wani. Da Latin aka rubuta wasiƙar, saboda haka kalmarmu ba ta ciki, sai dai ma’anar tana nan: biyayya tana da sharaɗi, sarki ma ana bin sa bashi.

Akwai suka mafi nauyi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Za a ce wannan duk ado ne a takarda. Manyan Sikotlan sun yi wa Edward na Ɗaya na Ingila mubaya’a a 1296, ba a jima ba da yawansu suka warware. Shi kansa Brus ya sauya ɓangare fiye da sau ɗaya, kuma a 1306 ya soke abokin hamayyarsa John Comyn a cikin coci a Dumfries. Takardun mubaya’ar kuwa sau tari makami ne na masu ƙarfi, da su ake tara mayaƙa don gaba tsakanin gidaje, kuma ƙaramin mutum ba kullum yake da zaɓi ba. Ba na musun ko ɗaya. Amma ba cewa nake mutanen dā sun fi na yau riƙon amana ba. Al’ummar da amana ta wadata a cikinta ba ta buƙatar hatimi da shaidu. Abin da nake cewa shi ne suna da mizanin da ake auna cin amana da shi, mizanin da ya hau kan kowa. Abin da ya faru a kwarin Glencoe ya isa misali. Shugaban reshen dangin MacDonald na wannan kwari ya makara da ’yan kwanaki wajen yi wa Sarki William rantsuwar biyayya, wadda wa’adinta ya cika ranar 1 ga Janairun 1692. Aka tura sojoji ƙarƙashin Robert Campbell na Glenlyon, suka sauka a gidajen mutanen kusan mako biyu suna cin abincinsu, sannan da asubahin 13 ga Fabrairu suka far musu suka kashe fiye da mutum 30. An yi kashe-kashen da suka fi wannan yawa a tsaunukan, an manta da su. Wannan bai mantu ba domin dokar Sikotlan ta ware kisan wanda ya amince da kai a matsayin laifi na daban mai tsanani, kuma binciken 1695 ya kira abin kisan kai. Ba a hukunta kowa yadda ya kamata ba, amma hukuma da kanta ta kasa wanke shi.

To me ya sauke kalmar daga wannan matsayi? Ba ita kaɗai ba ce, harshen ne gaba ɗaya ya sauka. Bayan sauyin addini na 1560, Baibul ɗin da ya shiga coci-coci da gidaje na Ingilishi ne. A 1603 Sarki James na Shida ya gaji sarautar Ingila ya koma Landan da fadarsa. A 1707 aka haɗe majalisun ƙasashen biyu. Kotunan Sikotlan sun ci gaba da tasu shari’ar, amma rubutu ya koma Ingilishi, “loyal” da “legal” suka raba aikin, aka bar wa “leal” bakin murhu da waƙa. Sai kuma ta sami masu riƙo a cikin magoya bayan gidan sarautar Stuart da aka tumɓuke a 1688, waɗanda suka yi tawaye a 1715 da 1745 aka murƙushe su a Culloden a 1746. A wurinsu amana ta zama tsayawa bayan sarkin da ba ya da abin da zai ba ka, ba kariya ba fili. Abin yabo ne ta wata fuska, amma ɓangare ɗaya na yarjejeniyar ya ɓace.

Daga irin wannan gida Carolina Oliphant ta fito, wadda aka fi sani da Lady Nairne. An haife ta a Gask ta yankin Perth a 1766, aka raɗa mata suna don tunawa da Yarima Charles Stuart, ta rasu a 1845. Ita ta rubuta “The Land o’ the Leal”, waƙar ta’aziyya da ta yi bayan wata ƙawarta ta rasa jaririya, inda ƙasar masu amana take nufin Aljanna. Ta ɓoye sunanta, har mutane da yawa suka daɗe suna jingina waƙar ga mawaƙi Robert Burns, musamman da yake karin sautinta ɗaya da na wata sananniyar waƙarsa ta kishin ƙasa. Waƙar ce ta hana kalmar mutuwa, ita ce kuma ta kulle ta a ma’ana guda. Ta yi nisa da harkar yau da kullum har William Gladstone, ɗan siyasar da iyayensa duka jinin Sikotlan ne, lokacin yaƙin neman zaɓensa a Midlothian, ya kira Sikotlan ƙasar “leal” yana zaton kirari yake mata, bai san ya tura masu sauraronsa lahira ba.

A ƙidayar 2011 kimanin mutum miliyan 1.5 suka ce suna iya magana da Scots, kuma ƙamusoshin nan biyu suna intanet kyauta tun 2004. Duk da haka matasa da yawa, a Sikotlan da wajenta, ba a bakin kakanni suka fara jin kalmar ba. A littattafan Ba’amurke George R. R. Martin suka gamu da ita, waɗanda aka mayar shirin Game of Thrones, inda ya ɗauko ta don sarakunan ƙirƙirarriyar duniyarsa su yi kama da mutanen dā. A can ma ma’anar baran da ke bin ubangida kawai ta rage, ba ta ma’auni ko ta shaida a gaban alƙali.