Keken Burji a Fadamun Camargue

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu kudancin Faransa, bakin tekun Bahar Rum, inda kogin Rhône yake sauke kayansa. Kogin ya taso tun daga duwatsun ƙanƙara na Suwizalan, da ya iso daf da birnin Arles sai ya rabu gida biyu, babban reshe da ƙarami, kowanne ya nufi teku ta hanyarsa. Ƙasar da suka rungume a tsakani da wadda ke gefensu ita ce Camargue. Fadama ce shimfiɗaɗɗiya, ga tabkuna, ga gonakin shinkafa, ga filayen gishiri, iya ganinka babu tudu. A 'yan shekarun nan ta zama matattarar masu hawan wani irin keke da aka ƙera domin hanyar burji da tsakuwa.

Shi wannan keke, in ka hango shi daga nesa sai ka ce na tsere ne, saboda kansa mai lanƙwasa ƙasa. Sai ka matso za ka ga tayarsa ta fi kauri, faɗinta yakan kai milimita 40 ko fiye, da ƙananan haƙora masu kama ƙasa. Da yawa ma ba tub a ciki, wani ruwan danƙo ake zubawa wanda ke toshe huji da kansa idan ƙaya ta soki tayar. Yana gudu a kwalta, kuma idan kwalta ta ƙare ba ya tsayawa. A Camargue kuwa kwalta tana saurin ƙarewa.

Wanda ya ji an ce babu hawa babu gangara zai ɗauka tafiyar sauƙi ce. To, akwai iska. Mutanen yankin suna kiranta mistral, busasshiya ce mai sanyi kamar ta hunturu, sai dai ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Takan biyo kwarin Rhône daga arewa, wani bugun nata yakan haura kilomita 100 a awa ɗaya, kuma a fadamar nan babu dutse ko kurmin da zai tare ta. Shi ya sa masu hawa na gaskiya sukan duba inda iska ta dosa kafin su zaɓi hanya. Sukan fara da fuskantarta da safe tun da sauran ƙarfi a ƙafa, su bar ta ta turo su gida da yamma. Wanda ya juya lissafin, kilomita goman ƙarshe za su zame masa aiki ja.

Hanyar da ta fi shahara tana kan wata doguwar jinga da aka gina a wajajen 1859 domin hana teku shiga ƙasa. Tana farawa daga garin Saintes-Maries-de-la-Mer ta yi gabas, kuma an hana motoci bin tsakiyarta. Kana tafe teku na damanka, tabkunan da suka haɗu da babban tabkin Vaccarès na hagunka. Bayan kimanin kilomita 12 za ka tarar da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Gacholle tsaye ita kaɗai. Babu inuwa a hanyar, babu shago, ruwan da ka ɗauko shi ne naka. A wasu wuraren iska ta kwaso rairayi ta binne hanyar, dole mutum ya sauka ya tura. Ƙasar da jingar ta ratsa kuwa gandun kare halittu ce tun 1927, hekta kusan 13,000, saboda haka kauce wa hanya a shiga cikin ciyawa laifi ne.

Masu sauraro, abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne, duk waɗannan hanyoyi babu wadda aka yi domin shaƙatawa. Hanyoyin aiki ne, kuma kowacce tana da masu ita. Ku ɗauki shinkafa. Bayan an ɗaure kogin da jinga a ƙarni na 19, ambaliyar da ta saba wanke ƙasar ta daina zuwa, gishiri ya riƙa tasowa yana kashe amfanin gona. Maganin da aka samu shi ne a jawo ruwan daɗi daga Rhône da injin, a malala shi a gona, shinkafa ta sha, gishiri ya koma ƙasa. Ƙananan magudanan da mai keke yake bin gefensu yau, na wannan aiki ne. Kuma waɗanda suka farfaɗo da noman shinkafar a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, a wajajen 1942, mutanen Biyetnam ne da Faransa ta kwaso daga ƙasar da take mulka, akasarinsu ba da son ransu ba. Sun sha wahala, ladansu bai taka kara ya karya ba, kuma an shafe shekaru da dama ba a ambatonsu. Yau kusan duk shinkafar da Faransa ke nomawa daga nan take fitowa.

Haka ma gishiri. A Salin-de-Giraud, kusa da bakin babban reshen kogin, ana shigo da ruwan teku cikin manyan fadamu a bar rana da iska su ƙafar da shi, a kwashe a ƙarshen bazararsu. Ruwan yakan koma ja-ja saboda wani ƙanƙanin gansakuka da ke son gishiri. Garin kansa na ma'aikata ne, jerin gidajen jan bulo, waɗanda Girkawa da Italiyawa da Armeniyawa suka zauna a ciki. Daga nan akwai jirgin fito na Barcarin mai tsallakar da mutum da kekensa zuwa gaɓar gabas, inda filin Crau yake, ƙasa mai duwatsu da makiyayan tumaki ke kiwo a cikinta da sanyi, su hau da garkensu kan tsaunuka idan zafi ya shigo.

Idan aka yi yamma, aka haye ƙaramin reshen, sai a iso Aigues-Mortes, gari mai ganuwa da har yau take tsaye cif. Sarki Louis na Tara ne ya kafa tashar jiragen ruwan garin, kuma daga nan ya tashi da rundunarsa zuwa yaƙi a ƙasashen Musulmi har sau biyu: a 1248 ya nufi Masar, inda aka kama shi a 1250 sai da aka biya fansa, sannan a 1270 ya nufi Tunis, can ya mutu. A filayen gishirin wannan gari ne kuma aka far wa ma'aikata Italiyawa a watan Agustan 1893, aka kashe wasu aka raunata da dama. Ta gindin ganuwar ne haƙaƙƙiyar hanyar ruwa da ta haɗa Rhône da birnin Sète ta wuce. Turbar da ke gefenta ta dawakai ce, su ne suke jan jiragen kaya da igiya kafin zuwan inji. Yanzu kekuna suka gaje ta, kuma tana cikin reshen babbar hanyar keke ta ViaRhôna, mai tsawon kilomita 815 daga tabkin Geneva zuwa teku. Kusa da Sète akwai inda turbar ke ratsa tsakiyar tabki, ruwa dama ruwa hagu.

A ganina, amfanin keke a irin wannan wuri shi ne rashin ƙara. Mota tana korar tsuntsu tun daga nesa, mai keke kuwa yakan wuce garken filamingo suna kiwo kansu a cikin ruwa ba su ko ɗago ba. A tabkin Fangassier an yi musu tsibiri da hannu a 1970, ya zama wurin ƙyanƙyasarsu tilo a Faransa na shekaru masu yawa, kuma masana na cibiyar Tour du Valat, wadda Luc Hoffmann ya kafa a 1954, suna saka wa 'ya'yan zobe a ƙafa tun 1977 don bin sawunsu. Ga fararen dawakai da baƙaƙen bijimai suna yawo kusan sake, makiyayansu a kan doki riƙe da dogon sanda mai baki uku.

A nan ne labarin ya taɓa mu. Zalɓe da agwagin ruwa da sauran tsuntsaye da dama da ke ƙyanƙyasa ko yada zango a fadamun Turai irin wannan, idan sanyi ya kama sai su keta Bahar Rum da Sahara su sauka a Afirka ta Yamma: fadamun kogin Neja a Mali, Tafkin Chadi, da dausayin Haɗeja da Nguru. Idan fari ya ƙafar da namu, su ma can sukan ga ragi a adadin da ke komawa.

Ita kanta Camargue tana cikin damuwa. Madatsun da aka gina a kan Rhône sun rage laka da rairayin da kogin ke kawowa, teku kuma tana ƙara cika tana cin gaɓa. Saintes-Maries-de-la-Mer yanzu da jibga-jibgan duwatsu ake kare shi. Ta ɓangaren kogin ma, a Disambar 2003 ruwa ya fasa ya mamaye arewacin Arles.

Ga mai niyyar zuwa, daga Afrilu zuwa farkon Yuni ko Satumba da Oktoba sun fi dacewa. Tsakiyar bazara akwai zafi da sauro mai yawan gaske, bayan ruwan sama kuma taɓo yakan liƙe a taya har ta ƙi juyawa. A ɗauki ruwa isasshe, da famfo da kayan faci. Ƙofar makiyaya in an tarar da ita a rufe a bar ta a rufe, a ba motar noma hanya, kada kuma a matsa kusa da tsuntsun da ke kan ƙwai don neman hoto.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.