Motar Tafi-da-Gidanka Mai Aiki da Lantarki: Amfaninta da Kuɗin Gudanar da Ita a Yankin Sabon Birni da Isa

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin amsa tambaya guda: shin motar tafi-da-gidanka wadda ba ta shan mai, sai lantarki kawai, za ta iya aiki a ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato, kuma nawa za ta riƙa ci? Abin da muke nufi da motar tafi-da-gidanka shi ne babbar mota mai ɗauke da wurin kwana da na girki da firji da tankin ruwa. A Turai da Amurka, 'yan yawon shaƙatawa ne suke sayenta. A nan kuwa ba mu da wannan al'ada. Wanda ya fi kusa da bukatar irinta shi ne ma'aikacin asibitin tafi-da-gidanka, da mai rigakafi, da malamin dabbobi, waɗanda aiki kan kai su ƙauyuka irin Burkusuma da Gatawa. Saboda haka da idon waɗannan ma'aikata za mu dubi al'amarin.

2.0 Inda Aka Kwana

Har yanzu ƙera irin wannan mota bai yi nisa ba. A 2017 kamfanin Dethleffs na Jamus ya nuna samfurin wata wadda aka lulluɓe jikinta da farantan sola. A 2023 kamfanin Winnebago na Amurka ya fito da ta gwaji mai suna eRV2, wadda aka gina a kan Ford E-Transit. Batirin wannan Ford yana ɗaukar yunit 68, watau irin ma'aunin da mitar gidajenmu take ƙirgawa, kuma kamfanin ya ce motar za ta yi kimanin kilomita 174 kafin ta bukaci caji.

A gida Nijeriya, an fara harhaɗa ƙaramar mota Hyundai Kona mai lantarki a Legas a ƙarshen 2020. A watan Afrilu 2021, hukumar ƙasa mai kula da tsara motoci, a lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ke nan maganar ta riga ta iso Sakkwato. Abin da ya rage shi ne a ga ko za ta iya wuce Goronyo.

3.0 Lissafin Kuɗin Tafiya

Idan muka raba yunit 68 a kan kilomita 174, za mu ga motar tana cin wajen yunit 40 a kowace kilomita 100. A watan Afrilu 2024 an sa kuɗin wuta na rukunin da ya fi samun lantarki a kan Naira 225 kowane yunit. A wannan farashi, tafiyar kilomita 100 za ta ci Naira 9,000, ko mu ce 10,000 idan aka haɗa da wutar da kan salwanta wajen caji.

To, sai mu kwatanta da motar fetur. Bari mu ƙaddara tana shan lita 12 a kilomita 100. Kafin janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ana sayar da lita ƙasa da Naira 200, watau tafiyar ba ta kai Naira 2,400 ba. A ƙarshen 2024 kuwa lita ta haura Naira 1,000, kuɗin tafiyar ya koma 12,000 ko fiye. Ashe janye tallafi ne ya ba motar lantarki bakin magana. Daɗin daɗawa, ba ta bukatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi ko salansa, kuma birkinta yakan daɗe, domin injin ne yake rage gudu yana mayar da wuta cikin batir.

Amma wannan lissafi ya dogara ne a kan samun wutar layi, abin da ba a iya dogara da shi a ƙauyukan wannan yanki. Idan aka ce a yi caji da janareta, lita ɗaya ta gas ba ta cika wuce yunit 3 ba. Yunit 40 zai ci lita 13 ko fiye. An gudu ba a tsira ba ke nan: man da aka ƙi zubawa a tanki an zuba shi a janareta.

4.0 Hasken Rana

Sau da yawa mukan ji ana cewa ai Allah ya hore mana rana, sai a ɗora faranti a saman mota. Rufin eRV2 yana ɗaukar farantai masu ƙarfin wat 900. Ko a Sakkwato, abin da za su tara a yini bai wuce yunit 5 ba. Wannan ya isa firjin allurar rigakafi da fitilu da fanka, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Amma idan tafiya za a yi da shi, kilomita 12 kawai zai kai mutum.

Kafin a cika batirin a yini guda ana bukatar wajen kilowat 15, watau farantai 30 masu wat 500 kowanne, da na'urar juya wuta. Idan da dare za a yi caji, sai an ƙara da batirin ajiya. A nan ne ainihin kuɗin yake. Motar lantarki ba ta kawar da kashe kuɗi ba, sauya masa wuri ta yi: daga ɗan abin da ake biya kullum a gidan mai ya koma dunƙulallen jari da za a zuba tun ranar farko.

5.0 Hanya da Yanayi da Tsaro

Daga Sakkwato zuwa Sabon Birni ta Goronyo tafiya ce wadda ta kusa cinye cajin motar gaba ɗaya, alhali adadin da kamfani ya bayar na hanya mai kyau ne. Rairayi da taɓon fadamun gulbin Rima da Bunsuru suna ƙara cin wuta, ga nauyin batir mai sa mota kafewa. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, abin da yake saurin tsofar da batir, kuma na'urar sanyaya ɗaki daga batirin take sha. Da hunturu ƙura takan rufe farantai, sai an riƙa wankewa. Kamfanoni sukan ba batir lamunin shekara 8 ko kilomita 160,000, amma lamuni ba ya amfani inda ba makanikin da ya san aikin.

Sai batun tsaro, wanda ya fi kowanne nauyi. A watan Satumba 2021 'yan bindiga sun far wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma. A Disamba na shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a wajen Gidan Bawa. Motar fetur takan sha mai cikin minti biyar ta wuce, ta lantarki kuwa sai ta yi awowi a tsaye. A irin wannan hanya, awa ɗaya tana iya zama rai.

Duk da haka, rashin tsaron ya nuna wata fa'ida. A watan Nuwamba 2019 an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A 2021 gwamnatin jihar ta hana sayar da fetur a jarka. Motar da take shan rana ba ruwanta da irin waɗannan dokoki, ko tsadar 'yan bumburutu.

6.0 Kammalawa

A ganinmu, motar da za ta tashi daga Sakkwato ta yi kwanaki tana zaga ƙauyuka da lantarki kawai ba ta dace da wannan yanki ba tukuna. Wadda za ta yi amfani ita ce mai masauki: a kafa tashar sola a asibitin Sabon Birni ko na Isa, motar ta fita da safe zuwa wurin da bai wuce kilomita 50 ba, ta dawo kafin la'asar da ragowar caji. Ranar da ba ta fita ba, asibitin ya mori wutar.

Don haka muna ba hukumomi shawara su bi abin daki-daki: a fara da tasha, a horar da makanikai, a gwada da babura da ƙananan motoci, kana a sayo babbar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sayo motar kafin ya tanadi inda za ta sha wuta, ɗaki ya saya mai taya huɗu.