Ilmin Gargajiya na Indiya a Makarantun Zamani: Misalin Lissafi

A shekarar 1835 Macaulay ya ba gwamnatin Turawa ta Indiya shawara a karkata kuɗin ilmi ga karatun Ingilishi. Tun daga sa'an nan ilmin da ke cikin harshen Sanskrit ya koma gefe. A 2020 gwamnatin Indiya ta fito da sabon tsarin ilmi na ƙasa, wanda ya nemi a shigar da ilmin gargajiya cikin manhajar makarantu. Bari mu ɗauki lissafi mu ga yadda al'amarin yake.

Akwai abin da babu jayayya a kansa. Malam Brahmagupta, a littafin da ya wallafa a 628, ya shimfiɗa ƙa'idodin aiki da sifiri. Adadin da ya haura sifiri ya kira shi dukiya, wanda ya gaza sifiri kuwa ya kira shi bashi. Malamin da ya bi wannan hanya ba zai sha wuya ba wajen fahimtar da yaro cewa mai dukiya uku da bashi biyar, bashi biyu ke kansa. Wannan lissafi na Indiya ne Alhawarizmi ya yi wa littafi a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Kalmarmu ta "sifiri" ma daga Larabci take, Larabawa kuwa fassara kalmar Sanskrit suka yi, watau "shunya", ma'anarta wofi.

Amma fa ba dukan abin da aka raɗa wa sunan gargajiya ne tsoho ba. A 1965 aka buga wani littafi na Bharati Krishna Tirtha, mai ƙa'idodi 16 na lissafin ka, waɗanda ya ce daga littattafan Beda ya samo su. Masana sun bincika littattafan nan, ba su same su ba. Dabarun suna da amfani wajen saurin ninkawa, amma in aka koya wa ɗalibi cewa shekarunsu dubbai ne, an koya masa tarihin ƙarya.

Saboda haka aikin yana wuyan kwalejojin horon malamai. Wajibi ne malami ya san littafin da kowace ƙa'ida ta fito, da zamaninsa, ya kuma iya gwada ta da hujja a gaban aji. Wadda ta tsaya a koyar da ita lissafi ce. Wadda asalinta bai tabbata ba, a gaya wa ɗalibai haka nan.