Dalar da ake turo mana, ta wa ce? Yadda muka tsaya wa ƙanena kan bashin kati a Amurka

A zangunanmu, daga Nima da Mamobi a Ankara har Aboabo da Asawase a Kumasi, gidan da ke da ɗa a Amurka gida ne da ake ganin ya huta. Suna ya zo, a buga masa waya. Sallah ta matso, a buga masa waya. Rufin ɗaki ya fara yoyo, shi ne dai. Kuɗi su faɗo a MoMo, a yi godiya, a sa albarka. Amma da wuya ka ji wani ya tambaya: kuɗin nan daga albashinsa suka fito, ko ranto su ya yi?

Tambayar tana da dalili. A shekarar 2023 babban bankin Amurka reshen New York ya sanar cewa bashin katin bashi da ake bin mutanen ƙasar ya haura dala tiriliyan 1, karo na farko a tarihi. A lokacin, matsakaicin kuɗin ruwan irin wannan kati ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da sauran unguwannin da mutanen Ghana suka yi yawa suna cikin wannan lissafi. Ƙanena na ɗaya daga cikinsu, kuma da yardarsa nake wannan rubutu.

Yadda katin yake cin mutum

Mu nan mun saba da katin cirar kuɗi, wanda ba ya ba ka sai abin da ka ajiye. Katin bashi daban ne. Banki ne zai ce maka ga iyaka, a ce dala 3,000, ka yi ta saye, ka biya daga baya. Ƙarshen wata a turo maka takardar lissafi, kuma wata doka ta 2009 ta wajabta a ba ka aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Idan ka biya duka, babu kuɗin ruwa a kan sayayyar. Idan ka biya ɗan mafi ƙarancin da suka rubuta, sauran zai kwana, ruwa ya hau kansa, wata mai zuwa ruwan ma ya haifi nasa.

Akwai kuma wurin da mu na gida muke shigowa. Idan mutum ya zari tsabar kuɗi da katin, ana cazarsa kashi 3 zuwa 5 cikin 100 nan take, ruwa kuma ya fara hawa tun daga ranar, babu jinkirin kwana 21. Bankuna da yawa haka suke lissafa kuɗin da aka turo gida da katin bashi. Wato dala 300 ta ragon suna da aka turo da kati ta fi dala 300 tun kafin ta iso hannunmu.

Ƙanena yana aikin kula da tsofaffi a gidajensu da rana, wasu darare kuma gadi. Maganar ta fito fili ne lokacin da yake neman ɗaki da falo domin matarsa da ɗansu su same shi. Masu gida biyu suka ƙi shi. Da na matsa masa a waya sai ya ce, "Yaya, wallahi kiredit ɗina ne ya lalace. Kati uku ne, na kasa riƙe su." Jimla dala 9,000, kuma biyu daga ciki ya tsallake biya har wata biyu.

Mene ne kiredit?

Abin da suke kira kiredit a can tamkar shaidar unguwa ce, sai dai a rubuce take. Kamfanoni uku ne manya ke tara bayanin bashin kowa: Equifax, Experian da TransUnion. Daga wannan bayani ake fitar da maki. Wanda aka fi amfani da shi, FICO, yana farawa daga 300 ya tsaya a 850, kuma ƙasa da 580 ana ɗaukarsa maki mara kyau. Kashi 35 na makin ya dogara ne kan biya a kan lokaci, kashi 30 kan yawan bashin da ke kanka, kashi 15 kan daɗewarka a tsarin, sauran kashi 20 kuma an raba su tsakanin sabon bashi da ire-iren bashin da kake da su.

Mai gidan haya yana duba rahoton, mai sayar da mota yana dubawa. Idan biya ya makara da kwana 30, banki na iya kai rahoto, kuma tabon yana zama har shekara 7. Idan aka kai kamar wata shida ba a biya ba, bankin yakan rufe asusun ya miƙa wa masu karɓar bashi, ko ya sayar musu da shi. Makin ƙanena ya faɗo ƙasa da 550.

Biro da takarda

Lissafi nake koyarwa, don haka abin da na fara cewa shi ne ya ɗauko takardun katunan uku mu rubuta komai: nawa ake binsa a kowane, ruwan nawa ne, yaushe ne ranar biya. Mai bashi yakan ji tsoron buɗe ambulan, ya yi ta kintace. Da muka haɗa, ruwan ya kama kusan kashi 24 a shekara, wato kashi 2 kowane wata. Kashi 2 na dala 9,000 dala 180 ne. Shi kuma abin da yake iya zubawa a wata bai wuce dala 270 ba. Ashe dala 90 kacal ke taɓa uwar kuɗin.

Na buga masa lissafi uku. Idan ya dage kan dala 270 duk wata ba tare da ya ƙara sayen komai da katin ba, zai yi kusan wata 56, ya biya wajen dala 15,000. Idan ya kai dala 400, wata 31 ne, wajen dala 12,100. Idan ya kai dala 600, wata 18 ne, wajen dala 10,800. Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, ina zan samo ɗari shidan?" Na ce masa ya duba abin da yake turowa gida. Da muka bi saƙonnin shekara guda, sun kama kusan dala 450 a wata.

Taron gida

Nan ne aikin ya dawo kanmu. Ba ni da dalar da zan tura masa, albashin malamin makaranta kowa ya san shi. Abin da nake da shi shi ne baki a cikin gida. Na tara yayarmu da ƙannenmu biyu, muka zauna da Mma bayan sallar isha'i. Ban ɓoye komai ba, na karanta musu lambobin.

Mma ce ta fara magana. Ta ce, "Wato kuɗin ruwa yaron nan yake ci don mu yanka rago? A'a. Ni ban aike shi ba." Wannan kalma ta sauƙaƙa sauran. Muka raba buƙatu gida biyu. Maganin hawan jininta da cefanenta ba a taɓa su, dala 150 a wata daga albashinsa, ba daga kati ba. Sabunta katin inshorar lafiyarta da kuɗin wuta na ɗauka. Yayarmu da ke sayar da atamfa ta ɗauki kuɗin makarantar autanmu. Ginin da aka fara a filin gado aka dakatar. Gudummawar biki da suna kuwa muka ce duk mai buƙata ya zo wurina, kada a kira shi.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. An yi gunaguni. Wani kawunmu ya ce yaro ya shiga Amurka ya manta dangi. Na je har gida na gaishe shi, na ce, "Kawu, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Nasa ne ya kumbura, ku yi masa addu'a." Bai ji daɗi ba, amma bai sake kira ba. Dala 300 da aka rage, da ɗan ƙarin aikin da ya samu ranar Lahadi, su suka kai shi ɗari shidan.

Abin da ya yi a can

Na farko, ya cire katunan daga walat da kuma cikin wayarsa, amma bai rufe asusun ba, domin rufe tsohon kati na iya rage maki.

Na biyu, ya kira bankunan da kansa ya faɗa musu halin da yake ciki. Bankuna da dama suna da shiri na masu matsi, inda ake rage ruwa na wani lokaci ko a yafe tarar makara. Ɗaya ya rage masa, biyu suka ƙi. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Na uku, ya sa mafi ƙarancin biya na kowane kati ya riƙa fita da kansa daga asusunsa, don kada a sake makara. Duk abin da ya saura ya zuba a katin da ya fi ruwa.

Na huɗu, ya ciro rahotonsa daga annualcreditreport.com, shafin da doka ta tanada, inda ake samun rahoton kamfanonin uku kyauta. Dokar 1970 kan rahoton bashi ta ba mutum damar ƙalubalantar kuskure, kuma a ƙa'ida ana bincike cikin kwana 30. Masu irin sunayenmu su lura da wannan sosai, don mai suna ɗaya da kai ba ya wuya a unguwa guda.

Akwai abubuwan da ya kamata kowane mai ɗan'uwa a can ya sani. Ba a ɗaure mutum a Amurka don ya kasa biyan katin bashi. Dokar 1977 ta hana masu karɓar bashi yi masa barazana ko kiransa kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, kuma yana da kwana 30 ya nemi su kawo hujjar bashin a rubuce. Amma idan takardar kotu ta zo, kada a jefa ta ƙarƙashin katifa. Wanda bai amsa ba ana yanke hukunci a bayan idonsa, daga nan a iya yanka daga albashinsa. A jihar New York, tun 2022, wa'adin kai ƙara kan irin wannan bashi shekara 3 ne.

A kuma yi hattara da masu talla cewa za su goge maka tabo ko su raba bashinka biyu idan ka fara biyansu. Bayanin da yake gaskiya ba mai iya goge shi kafin lokacinsa. Mai neman shawara ya nemi ƙungiyoyin da ba na riba ba, irin waɗanda ke ƙarƙashin NFCC, da aka kafa tun 1951. Sukan tsara biya na shekara 3 zuwa 5 da ruwa mai sauƙi.

Ɓangaren addini

Riba haramun ce, wannan ba a jayayya. Malamin da muka tuntuɓa bai tsaya faɗa ba. Ya ce wanda ya riga ya faɗa ciki, abin da ke kansa shi ne tuba da gaggawar fita. Ya tunatar da mu cewa masu bashi suna cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

Da wannan ƙanena ya cire kunya ya je wurin 'yan susu ɗinsu na mutanen zango a Bronx. Suka yarda ya yi ɗaukar farko, dala 1,500, ya kashe ƙaramin katin gaba ɗaya, yana zubi ba tare da ko sisin ruwa ba. An rubuta, mutum biyu suka sa hannu. Shawarata ga dangi ita ce: in za ku taimaka da kuɗi, ku biya bankin kai tsaye, ku rubuta ko rance ne ko kyauta, kuma kada kowa ya ranto mai ruwa don ya biya wa wani mai ruwa. Wanda ke can kuma kada ya sa hannu ya tsaya wa wani a sabon bashi, don in an kasa biya shi za a bi, makinsa ne zai faɗi.

Yau wata 14 ke nan. Kati biyu sun mutu, saura ɗaya. Makinsa ya haura 620. Tabon makarar yana nan, zai daɗe, sai dai nauyinsa yana raguwa yayin da biya mai kyau ke taruwa a kansa. Ya samu ɗaki, ko da yake sai da ya nuna takardun albashinsa na wata da watanni kafin a yarda.

Mu ma ya iso

Kada mu ɗauka wannan labarin Amurka ne kawai. Tun 2007 Ghana ke da dokar rahoton bashi, Doka ta 726, kuma Babban Bankin Ghana ne ke ba kamfanonin tara bayanin bashi lasisi. Layin wayarka yana haɗe da Ghana Card ɗinka. Ƙaramin rancen da yaranmu ke ɗauka a waya su yi watsi da layin, suna ganin sun sha, yana iya tare musu hanya ranar da za su nemi jari a banki. Babban bankin ya sha gargaɗi kan manhajojin rance marasa lasisi, masu tona asirin mutum ga duk lambobin da ke wayarsa.

Don haka kafin Sallah mai zuwa, in za ka ɗaga waya ka kira na waje, fara da tambayar lafiyarsa da ta aljihunsa. Ka ce masa, "In ba ka da shi, ka ce babu, ba komai." Yawancinsu ba su taɓa jin wannan daga gida ba. Allah ya yaye wa masu bashi, ya tsare mu daga riba, ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.