Dashen Babbar Manhajar TinyOS a kan Na'ura Mai Araha

1.0 Gabatarwa

Akwai wasu ƴan ƙananan na'urori da ake warwatsawa a gona ko daji domin su riƙa auna zafi da danshi da haske, suna miƙa wa juna sakamakon ta rediyo har ya isa kwamfuta. Kowace da batir take aiki, kuma tana buƙatar babbar manhaja mai tsara ayyukanta. Wannan takarda za ta bayyana yadda ake ɗauke irin wannan manhaja daga na'urar da aka gina ta dominta, a mayar da ita kan wata mai araha. An kira aikin "dashe" domin ya yi kama da cire tsiron albasa daga inda aka raine shi a dasa a wani fili.

2.0 Manhajar da Na'urorin

An ƙirƙiro TinyOS a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, aka fitar da ita a 2000. A 2002 an yi amfani da ita a tsibirin Great Duck wajen lura da sheƙunan tsuntsayen teku. Ɗaya daga cikin na'urorin da suka yi fice da ita, MicaZ, tana da ma'adanar umarni mai kilobayit 128, da ma'adanar aiki mai kilobayit 4, da rediyo a jikinta. Allon Arduino Uno, wanda ya fito a 2010, ya fi araha da sauƙin samuwa ga ɗalibai, amma kilobayit 32 da kilobayit 2 kawai yake da su, kuma ba shi da rediyo.

3.0 Yadda Ake Dashen

Tun daga zubi na biyu na 2006, an kasa sashen TinyOS mai hulɗa da na'ura hawa uku. Hawan ƙasa yana magana kai tsaye da masarrafa, na tsakiya yana tsara abin da take iyawa, na sama kuwa fuskarsa ɗaya a kowace na'ura. Saboda haka yawancin aikin mai dashe a hawa biyun ƙasa yake. Wani sauƙin shi ne masarrafan biyu, ATmega128 da ATmega328P, duk ƴan gidan AVR ne.

Akan fara da agogon masarrafa, sannan a gwada kunna ƴar fitila da kashe ta a kan lokaci. In wannan ya yi daidai, sai a haɗa hanyar aika saƙo zuwa kwamfuta, daga baya a jona rediyo a rubuta masa umarninsa.

4.0 Matsaloli

Ta farko ita ce ƙarancin ma'adanar aiki. In ta cika, bayanai sukan hau kan juna, na'urar ta rikice ba tare da gargaɗi ba. Ta biyu ita ce wuta. TinyOS takan kwantar da masarrafa barci in babu aiki, amma fitilar allon Uno da sashen USB ba sa barci, suna ta shan batir. Shi ya sa masu kai na'ura daji kan ɗauki masarrafar tsura su yi mata nata allon.

5.0 Kammalawa

An ga cewa tashin manhaja a kan sabuwar na'ura bai isa shaidar kamawar dashe ba. Sai an auna ma'adanar da ta rage da kwanakin da batir zai yi kafin a ce arahar ta biya.