Kwanar Dangora: Wa ke tambayar baƙon da ya zo masauki da yaro?

A Kwanar Dangora ne hanyar Tudun Wada, wadda ke ratsa dajin Falgore ta nufi Jos, take rabuwa da titin Kano zuwa Zariya. Matafiyin da dare ya riska a wannan yanki masauki yake nema, wani lokaci da yaro a hannunsa.

A wasu ƙananan masaukai na bakin hanya, kuɗin ɗaki kawai ake tambaya. Ba a duba katin shaida, ba a rubuta sunan yaron. Kunya ma kan hana ma'aikaci cewa, "Alhaji, ɗanka ne?" Amma iyayen da ke tuna yaran Kano tara da 'yan sanda suka ceto daga Anambra a 2019 ba za su ga laifin tambayar ba.

An sa hannu kan Dokar Kare Yara ta Kano a Mayun 2023, Hisbah kuma tana kai samame otal-otal. Sai dai samame bayan an ba da ɗaki yake zuwa. Mai riƙe da makulli shi ke fara ganin yarinyar da ta kasa faɗin sunan "kawun" nata, ko yaron da ake saurin amsawa a madadinsa. Rubuta sunan kowa, duba katin NIN na babban, da manna lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa a jikin tebur, ba za su ci mai masauki ko kwabo ba.